Muhawarar Zauren Unguwa: Wa ya cinye megar Mai Shayi?

Mai Shayi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Jiya da magariba na sayi mega na jika guda don in kira ƙanena da ke Agadas, in ga fuskarshi. Na kwanta waya na kan caji. Da asuba ina hura wuta na ɗauko ta, sai ga abubuwa ukku sababbi a fuskarta: wasan karta, wani wasa mai ƙwallaye kala-kala, da wani da ban ma san amfaninshi ba. Ban sauke su ba, ba wanda ya taɓa wayar. Na duba mega, saura kaɗan. Kuma kullum sai ta yi ta turo mini "ga manhajar da ta dace da kai". Kamfanin layi ne ya dasa mini wannan abu cikin waya. Wallahi wannan sata ce tsagwaronta!

Ɗan Kabu-kabu: Sata ce mana! Tawa ma haka take yi.

Alhajin Kasuwa: Haba ƙanena, ka iya bakinka. Sata babbar kalma ce. Ranar da aka kunna maka wayar nan sabuwa, ba rubutu ya fito ba, ka danna Accepter har sau nawa? Wanda ka buɗe wa ƙofa da hannunka ba ɓarawo ba ne.

Mai Shayi: Alhaji, ni ban danna komi ba. Yaron shago ne ya kunna ta, ya yi ta latsawa da sauri, ya miƙo mini.

Malam: Ku dakata. A wurin malamai, sata ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga inda ya adana ta. Wannan ya fi kama da algus, wato a sayar maka da abu a ɓoye maka aibinshi. Kuma algus ɗin ma haramun ne, kada wani ya ce na wanke su.

Ɗan Kabu-kabu: Allah gafarta Malam, mutum na barci, waya ƙarƙashin matashi, aka kwashe mishi mega. In wannan ba ɓoye ba ne, mine ne ɓoye? Kuma wace ma'ajiya ta wuce ƙarƙashin matashi?

Malam: Ɗana, ba a fatawa da zafin rai.

Alhajin Kasuwa: To Malam, in an ce algus, wa ya yi algus ɗin? Kada dai a juyo da maganar kanmu 'yan kasuwa. Mu a kwali muke karɓa, a kwali muke sayarwa.

Mai Gyara: Ku bar ni in sa baki, wannan aikina ne, kullum sai an kawo mini irinta. Abin iri biyu ne, kuma kuna cakuɗa su. Akwai saƙon da ke faɗowa tsakiyar fuskar waya da OK da Annuler, yana tallar waƙar kira ko wani tsari. Wannan ta hanyar layi yake zuwa, kuma in ka danna OK bisa kuskure kiredinka ne zai tafi. Amma abin da ke sauke manhajoji da kanshi, a cikin wayar yake zaune tun kafin ta zo hannunka. Wayoyin hannu da ake kawowa daga Amurka, waɗanda in ka kunna tambarin kamfanin layi na can ya fito, su kam kamfanin layin ne ya sa. Akwai wani kamfani can, Digital Turbine, da ke yi wa su Verizon da AT&T wannan aikin, a wasu wayoyi za ka ga an rubuta Mobile Services Manager. Sababbin cikin kwali kuma galibi maƙerin wayar ne ke sawa. Misali wasu Samsung na jerin A da M suna zuwa da AppCloud. Masu manhaja ke biyan kuɗi don a tura tasu cikin wayoyin mutane, shi ne ribar.

Ɗaliba: To ashe Kawu Mai Shayi bai ma san wanda ya yi mishi ba.

Mai Shayi: Ko wane ne, megata dai ta tafi.

Baba Direba: Ni na daɗe ina faɗa, ku koma layin ƙasa, Niger Telecom. Kuɗinmu ya tsaya gida.

Ɗaliba: Baba, ka karanta abin da Mai Gyara ya rubuta kuwa? Ko wane layi ka sa, abin na cikin wayar.

Baba Direba: Ɗiyata, tun kafin a haife ki nake riƙe da salula. Ina nan Celtel ta koma Zain, Zain ta koma Airtel. Ina nan Orange ta sayar a 2019 ta koma Zamani. Ba ke za ki koya mini layi ba.

Ɗaliba: Ka yi haƙuri Baba, ban nufi raini ba. Amma maganar ba ta canza ba.

Ɗan Kabu-kabu: Duk wayoyin da ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa ne ke da wannan ciwon.

Alhajin Kasuwa: Ƙarya ne! Shekara nawa ina saro kaya a Farm Centre ta Kano? Kwali guda ne, masana'anta guda ce. Wayar da ke Kano ita ce ke babbar kasuwar Maraɗi. Kai da ka sayi ta hannu a bakin tasha, ba kwali ba rasit, kai ne za ka zagi kayan mutane?

Ɗan Kabu-kabu: Alhaji, talauci ba abin gori ba ne. Da ina da kuɗin sabuwa da na zo shagonka.

Malam: Subhanallah. Alhaji, wannan maganar ba ta dace da girmanka ba.

Alhajin Kasuwa: Shi da ya ce mana ɓarayi ba a tsawata mishi ba, sai ni?

Mai Shayi: Ni ban ce maka ɓarawo ba Alhaji. Kamfani na ce.

Alhajin Kasuwa: In an zagi kaya an zagi mai kaya.

Hajiya: Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Jikana ɗan shekara shidda ke ɗaukar wayata. Rannan na leƙa, sai na ga hoton wata mata ba sutura ta kirki a cikin tallar wasan da ban san lokacin da ya shigo ba. Na ƙwace wayar, yaro na kuka, ni jikina na rawa. Ku kira shi sata, ku kira shi algus, ni dai a faɗa mini yadda zan kashe shi.

Mai Gyara: Hajiya, ga shi. Ki shiga Paramètres, sai Applications, ki danna ɗigo ukkun nan na sama ki zaɓi a nuna manhajojin système. Ki nemo mai turo tallar. In kin rasa sunanta, ranar da tallar ta faɗo ki danne ta da yatsa ki riƙe, wayar za ta nuna miki wadda ta aiko. Ki kashe mata Notifications, ki hana ta cin mega a bayan fage, sannan ki danna Désactiver. Wasannin da ta riga ta sauke kuma ana goge su kamar kowace manhaja. A wasu wayoyi maɓallin Désactiver ɗin a dushe yake, ba ya dannuwa, wannan sai an haɗa da kwamfuta. Kuma ku sani, in aka yi wa waya wankin gaba ɗaya, abin zai dawo, wani lokaci ma bayan mise à jour sai an sake dubawa. Kada ki kashe abin da ba ki san aikinshi ba.

Alhajin Kasuwa: Kun gani? Ƙarshenta dai "ku kawo mini shago". Talla ce shi ma yake yi.

Mai Gyara: Alhaji, kyauta na rubuta, kowa ya gani.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar ba sata ba ce, kamar yadda Malam ya faɗa. An tabbatar 'yan kasuwa ba su da laifi, kuma ni shaida ne, shekara da shekaru ina sayen waya wurin Alhaji ban taɓa ganin aibi ba. Matsalar daga wayoyin hannu take, don haka mai hali ya sayi sabuwa. Yara kuma su riƙa girmama manya in ana magana. Mai Shayi ya janye kalmarshi a wuce wurin.

Malam: Ni cewa na yi algus ne, kuma haramun ne.

Mai Shayi: Tawa sabuwa ce, cikin kwali na saye ta. Mai Gyara, na shiga inda ka ce, maɓallin a dushe yake. Gobe ƙarfe nawa kake buɗewa?