Muhawara: Shin ya dace gwamnati ta biya wa fursuna kuɗin digiri?

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan ajiye wata magana a gabanku, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Tun ranar 1 ga Yulin 2023 Amurka ta koma ba wa fursunoni tallafin karatun jami'a da ake kira Pell, bayan kusan shekara talatin da haramta musu shi, kuma a ganina kuskure aka yi. Koyar da ɗaurarre karatu da rubutu da sana'a nauyi ne a kan hukuma, wannan ban musa ba, amma digiri daban yake. Ga yaron da bai taɓa cutar kowa ba ya gama jami'a da bashi a wuyansa, ga kuma wanda ya cuci jama'a an ɗebi harajin waɗanda ya cuta an biya masa karatu. Ina adalci a nan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Wannan hujjar taka ita ce dai aka kafa a majalisar dokokin Amurka a 1994, lokacin da aka cusa haramcin a cikin babbar dokar yaƙi da aikata laifi wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu. Sai dai abin da fursunoni ke karɓa a lokacin bai kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin Pell ba, kuma shirin ba gurabe ne ƙidayayyu ba da za a ce rabon wani ya shiga hannun wani. Duk ɗalibin da ƙarancin samun gidansu ya cika sharaɗi yana samu. Saboda haka hana fursuna bai sauke wa yaron da kake tausayi ko dala ɗaya daga bashinsa ba. Abin da ya faru kawai shi ne shirye-shiryen jami'a ɗaruruwa da ke gidajen yari suka rufe cikin 'yan shekaru, saura 'yan ƙalilan da masu hannu da shuni suka tallafa. Shi kansa Sanata Claiborne Pell, wanda tallafin ke ɗauke da sunansa, bai goyi bayan haramcin ba.

Malam Garba: Hajiya, ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, saƙon da ake aika wa jama'a ne. Kuma ba ni kaɗai nake jin haka ba. A 2014 gwamnan jihar New York, Andrew Cuomo, ya ce zai sa kuɗin jiha a karatun jami'a na fursunoni, 'yan majalisa suka taso masa, dole ya janye ba da daɗewa ba.

Dakta Isa: Malam Garba, tunda ka kawo Cuomo, ka kawo lissafin da ya yi ma. Cewa ya yi tsare mutum ɗaya na cin wa jihar kimanin dala 60,000 a shekara, karatunsa kuwa kimanin dala 5,000. Mafi yawan waɗanda ke ɗaure za su fito wata rana, su zama maƙwabtan wani, kuma ko ka so ko ka ƙi harajinka na ciyar da su yanzu. Tambayar ita ce sau nawa kake so ka biya. Cibiyar bincike ta RAND ta tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2013, ta gano cewa wanda ya yi karatu a ɗaure yiwuwar komawarsa gidan yari ta ragu da kashi 43 cikin 100, kuma kowace dala da aka kashe a karatun tana rage dala huɗu zuwa biyar na kuɗin sake tsarewa a shekara uku na farko bayan saki.

Malam Bashir: Dakta, ina tare da kai a manufa, amma ina jin tsoron yadda ake rera wannan kashi 43 kamar karatun allo. Wane ne ke neman shiga aji a gidan yari? Wanda tuni ya yanke shawarar gyara halinsa, wanda bai da tarihin rigima da gandirobobi, sau da yawa ma wanda ya kusa fita. Irin wannan mutum ko ba a koya masa komai ba, da wuya ya koma. Masu binciken sun san da wannan matsala, kuma da suka sabunta nazarin a 2018 adadin ya sauko zuwa kashi 28. Bayan haka, lissafin ya haɗa kowane irin karatu, daga yaƙi da jahilci har koyon sana'a, alhali Malam Garba a kan digiri kaɗai yake jayayya.

Dakta Isa: Na karɓi gyaran. Sai dai kashi 28 ma ba abin rainawa ba ne a harkar da gwamnatoci suka gwada dabaru iri-iri ba su ga abin kirki ba.

Malama Zainab: Ku gafarce ni, ina ganin kun tsaya a bakin ƙofa ba ku shiga ɗakin ba. An riga an saki kuɗin, abin da ya rage shi ne wa zai sa ido a kansu, kuma a nan ne nake da damuwa fiye da ta Malam Garba. A sabon tsarin, kafin jami'a ta karɓi Pell a madadin fursuna sai ta sami amincewa daga wuri uku: hukumar gidajen yari ta jiha ko ta tarayya, hukumar da ke tantance ingancin jami'ar, da Ma'aikatar Ilimi. An hana makarantun neman riba shiga, an ce dole darussan su zama waɗanda wata jami'a za ta karɓa idan ɗalibi ya fito, an kuma hana koyar da sana'ar da doka ba za ta ba tsohon fursuna lasisinta ba. Duk wannan ya yi kyau a takarda. Amma bayan shekara biyu, wanda zai yanke hukuncin ko shirin na amfanar ɗalibai ita ce hukumar gidajen yarin. Kura aka ba ajiyar nama. Ita ce ke rufe ɗakuna na kwanaki idan ma'aikata sun yi ƙaranci har aji ya mutu, ita ce ke ɗauke ɗalibi a tsakiyar zangon karatu ta mayar da shi wani gidan yari inda babu kwas ɗinsa, ita ce ke tace littafin da zai shiga. Ta yaya za ta auna gazawar da ita ce sanadinta?

Ku ƙara da wannan. Ɗalibin waje idan jami'a ta yi masa ha'inci sai ya tattara takardunsa ya canja wata. Ɗaurarre ba shi da zaɓi, abin da aka kawo masa shi zai karanta, ko da kuwa 'yar kwamfutar hannu ce aka miƙa masa da darussan da aka naɗa, ba malamin da zai yi wa tambaya. Pell kuma yana da iyaka, zango 12 ne a duk rayuwar mutum, don haka idan aka ƙone masa rabonsa a kan karatun banza, ya fito ba ilimi ba kuma sauran tallafi.

Hajiya Rabi: Malama, to wa kike so a ba? Ba wanda zai shiga gidan yari sai da izinin mai riƙe da makulli.

Malama Zainab: Makulli ya zauna a hannunsa, Hajiya, amma alƙalanci ya koma hannun wani. A Ingila hukumar Ofsted, wadda ke duba makarantu, ita ce ke shiga gidajen yari ta duba karatun, ta wallafa rahoto kowa ya karanta. Rahotannin nata sun sha fallasa rauni mai yawa, wanda ke nuna cewa mai duba na waje ba ya warkar da ciwo, amma aƙalla ba ya bari a rufe shi da zane.

Malam Garba: Tunda an je Ingila, can ai rance ake ba fursuna kamar kowane ɗalibi, kuma sai ya rage masa shekara shida ko ƙasa da haka kafin saki. Wannan ya fi kusa da hankalina, domin wanda ya ci moriya shi zai biya.

Dakta Isa: Sharaɗin shekara shidan nan an daɗe ana sukarsa, har rahoton da Sally Coates ta yi wa gwamnatin Birtaniya kan karatun fursunoni a 2016 ya nemi a sassauta shi, saboda yana barin masu dogon wa'adi su yi shekaru a zaune, alhali su ne ke saita ɗabi'ar gidan ga sababbin shiga. Ka tuna Nelson Mandela a ɗaure ya kammala digirinsa na shari'a da jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu a 1989, yana ƙarƙashin hukuncin ɗaurin rai da rai.

Malam Garba: Haba Dakta, kada ka haɗa Mandela da ɗan fashi. Zalunci ne ya kai shi can.

Dakta Isa: Gaskiyarka, misalin bai zauna daidai ba. Abin da nake nufi shi ne dokar gidan yari ba ta bambance su a aji, kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da aka sa wa sunansa sun nemi a haɗa karatun fursuna da tsarin ilimin ƙasa gwargwadon iko, domin ya ci gaba bayan saki ba tare da wahala ba.

Malam Garba: Har yanzu rance nake so, ban sauka daga kan wannan ba. Amma maganar Malama Zainab ta kama ni ta inda ban zata ba, domin idan kuɗin jama'a na tafiya ga jami'ar da ba mai dubanta sai gandiroba, to ni mai biyan haraji da shi ɗaurarren duk an cuce mu. Malama, idan aka ce ki zaɓi abu ɗaya da za a tilasta wa kowace jami'a ta wallafa duk shekara, mene ne?

Malama Zainab: Adadin waɗanda suka fara karatu, da adadin waɗanda suka bari, da dalilin barin kowannensu, musamman nawa ne aka sauya wa gidan yari kafin su zana jarrabawa.