Wace sifika zan haɗa wa talabijin da dubu 40?

Baban Hanifa, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Talabijin ɗina inci 32 ne, hoto tangaram, amma murya kamar daga cikin gwangwani. Daren Juma'a muna kallon fim, fanka na kaɗawa, Hajiyarmu ta matso da darduma har gaban allon tana ta "me ya ce?" Abin ya tsaya mini a rai. Dubu 40 gare ni. Me zan saya?

Mai Gyara, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara leƙa bayan talabijin ɗin. In ka ga inda aka rubuta HDMI ARC, nemi doguwar sifikar nan da ake kwantarwa a ƙarƙashinsa, wadda ita ma take da HDMI ARC, rimot ɗaya zai riƙa ƙara murya da ragewa. In babu, ramin iyafis da wayar AUX sun wadatar.

Maman Sadik, Daura:
Ni ta Bluetooth na saya, na yi da-na-sani. Waƙa daga waya lafiya lau, in an ɗauke wuta ma batirinta na riƙewa. Amma a fim, baki ya motsa, magana ta biyo baya.

Mai Gyara:
Gaskiyarki, Hajiya. Malam, tafi kasuwa da fim a filashinka, a kunna maka wurin da ake hira a cikinsa. Da kiɗa kowace sifika daɗi take yi.

Baban Hanifa:
Na leƙa, akwai ARC! Allah ya saka da alheri.