Neman shawara: jar giyar Italiya da abincin da ake haɗa ta da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗauke ni aikin sabis a wani gidan abinci a Firenze. Ni ba na shan giya, amma kwastoma sai ya zaɓi abinci ya juyo ya ce wace jar giya za ta dace. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar ku taimaka, kada maigida ya ga gazawata.

Wani daga Torino: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe sunan inabin tukuna, sunan kwalba ya biyo baya. A yankin Toskana inda kake, inabin Sangiovese ne sarki. Chianti Classico, mai tambarin baƙin zakara a wuyan kwalba, aƙalla kashi 80 cikin 100 nasa Sangiovese ne, Brunello di Montalcino kuwa shi ne zalla. Sangiovese yana da tsami, shi ya sa yake tafiya da taliya mai miyar tumatir da kuma bistecca, gasasshen naman sa na garinku. Mu a Piemonte, Nebbiolo muke da shi, da shi ake yin Barolo da Barbaresco. Baurinsa kamar na goro, yana kama harshe, sai nama mai maiƙo da ya daɗe a wuta yake kwantar da shi. Kada ka miƙa wa mai cin kifi Barolo.

Wata daga Modena: Yaya ya manta Lambrusco. Ja ce mai kumfa, daga firij ake kawo ta, ana shanta da cukun Parmigiano da yankakken naman alade. Ka kuma kula: Montepulciano d'Abruzzo giyar yankin Abruzzo ce, Montepulciano a nan sunan inabi ne, ana haɗa ta da tsiren tunkiya na Abruzzo. A Vino Nobile di Montepulciano kuwa, Montepulciano sunan wani gari ne a Toskana, Sangiovese ke cikin giyar. Sababbin ma'aikata da yawa a nan suke tuntuɓe.

Wani daga Verona: Giyar Amarone sai an shanya inabin watanni kafin a matse, ƙarfinta kan kai kashi 15. Ta naman daji ce da tsohon cuku, kuma akwai tsada, faɗa wa kwastoma kuɗin tun kafin ka buɗe.

Wani dattijo daga Brescia: Ɗana, ka tuntuɓi malami kan hukuncin miƙa giya. In da hali, nemi a mai da kai kicin.

Mai tambaya: Na gode Baba, zan yi wa maigida maganar kicin ɗin gobe in sha Allahu.