Wai Yanzu Babu Mawaƙa Sai Maroƙa?

Kawu Bafuntuwe: Raina a ɓace yake. A wajen biki jiya DJ ya yi ta sakin kiɗan fiyano, kan ka ji baiti ɗaya mai ma'ana sai an ambaci sunan wani mai kuɗi. Tun da Shata ya rasu a 1999 aka rufe babin waƙar Hausa. Na yanzu ba mawaƙa ba ne, maroƙa ne kawai.

Ɗan Fagge: Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma Shatan ba maroƙi ba ne? Wa ya taɓa yi wa waƙa kyauta? Motoci da riguna aka riƙa ba shi.

Kawu Bafuntuwe: Kai yaro, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa kake kira maroƙi?

Bazamfara: Ai roƙo ba zagi ba ne. Ɗanƙwairo da Narambaɗa makaɗan fada ne, a ƙofar sarakuna suka ci suka sha. Mai kotso ko taushi bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba.

Ɗan Fagge: Yawwa Hajiya. Da sarki ake yi wa, yau ɗan siyasa ake yi wa. Mai bayarwa ne ya canza.

Malamin Makaranta: A'a, makaɗi daban, maroƙi daban. Maroƙi shi ne sanƙira mai kirari a gefe.

Bazamfara: Malam, a aji ake wannan rabe-raben. A garinmu duk maroƙa muke cewa.

Na Musawa: Ni gyara ɗaya zan yi. Kawu na magana kamar Shata nasu ne. Ɗan Musawa ne, zama kawai ya yi a Funtuwa, kabarinsa kuma yana Daura.

Kawu Bafuntuwe: Inda mutum ya kafa gida ya tara iyali nan ne garinsu. Ku da me kuka yi masa?

Na Musawa: Mun haife shi, Kawu.

'Yar Damagaram: Har yanzu ba wanda ya ambaci Barmani Choge. Ko don mace ce mai kiɗan ƙwarya? Kakata ta ce lokacin da amada ke tashe, dattawa cewa suke yi tana lalata matan aure. Da ta rasu a 2013 kowa ya koma yabonta. Kuma su Kawu da ke zagin fiyano, ba su ne suka cika sinimar Plaza da Marhaba suna kallon Indiya ba? Daga can 'yan fim suka kwaso salon.

Kawu Bafuntuwe: 'Yata, ni ban taɓa taka sinima ba.

Ɗan Fagge: Kawu, sa'anninka sun taka.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne, kowa ya yarda tsohuwar waƙa ta fi nauyi, don ba wanda ya iya kawo sunan mawaƙin yanzu ko ɗaya da zai tsaya kusa da kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. Ɗan Fagge, ka nemi afuwar Kawu. Zancen Musawa da Funtuwa ku je ku ƙarasa a waje.

'Yar Damagaram: Shugaba, ni ban yarda ba, kuma ba wanda ya tambaye mu suna.