Kaske ko lasifika: wanne ya fi da jaka 20?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina da jaka 20 (sefa dubu 20), ina son abin sauraren karatu da waƙa daga waya. In shiga kasuwar Dole ta Damagaram, kaske (abin sauraro da ake sawa a kunne) zan ɗauka ko lasifika? Wanne ya fi fitar da sauti mai tsabta?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In kai kaɗai za ka saurara, ɗauki kaske mai igiya. Da kuɗi ɗaya ya fi lasifika nesa, domin ba ka biyan akwati, ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da batir, kuma ɗaki ba ya ɓata masa sauti. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana maido da murya, sai ka ji kalmomi suna hawa kan juna. Duba lambar ohm a kwalin, wato ma'aunin turjiyar kaske ga lantarki: mai ohm 16 zuwa 32 waya na iya tuƙa shi. Mai ohm 250 sai da ampili, in ba haka ba za ka ji shi can ƙasa-ƙasa. In wayarka ba ta da ramin jona kaske (na milimita 3.5), nemi mahaɗin USB-C mai DAC (abin da ke mayar da bayanan waya zuwa sauti) a ciki, wasu wayoyin ba sa karɓar wanda ba shi da shi.

Malam na Zango:
Gaskiya ne, amma a zafin Afrilu soson kaske mai fatar roba yana jiƙewa da gumi, ya fara ɓarewa. Nemi mai soson yadi. Kuma a kula da kunne: ana auna ƙara da desibel, ƙarar desibel 85 iyakarta awa 8 a rana, kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Kar ka wuce kashi 60 na ƙarar waya.

Injiniya:
Malam, in iyali za su saurara a tsakar gida, lasifika ce dole. Sai dai kar rubutun "2000W PMPO" ya ruɗe ka, talla ce kawai. RMS za ka duba, shi ne ainihin ƙarfin lasifika, wat 10 zuwa 20 sun ishi ɗaki. Ƙaramar lasifika mai faɗin inci 2 ba ta da bes (sauti mai kauri) ko me aka rubuta a kwali, sai ta kai inci 4 ko 5. Ajiye ta nesa da bango kamar taki ɗaya, ka shimfiɗa darduma. Mai Bluetooth kuma kar ka bar ta a rana ko a caji kwana, batirin kan kumbura. Lokacin hunturu rufe ta da ƙyalle, ƙura ce ke sa maɓallin ƙara ya riƙa ƙarce-ƙarce.