Na'urorin da ban sani ba suna fitowa a wayfai ɗin gidana, ko an shigo min ne?

Baban_Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana ku taimaka min, abin nan ya hana ni sukuni tun shekaranjiya. Ina da wata tsohuwar laftof da allonta ya fashe, maimakon in yar sai na sa mata Jellyfin, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar kallon bidiyo a gida, na jona mata had-dis mai 2TB na ajiye ta a ƙarƙashin tebur ɗin falo, a ciki akwai bidiyon bikinmu da na sunan yara da karatuttukan tafsiri da katun na yara, kowa a gidan yana kallo daga wayarsa ko tibi. Shekara ɗaya kenan ba matsala.

To data ce ta fara ƙarewa da wuri, wadda take kai mu wata yanzu sati uku da ƙyar. Sai na shiga setin rawuta na duba jerin waɗanda suka jona, na ga na'ura 13 alhali na ƙirga namu da yatsa har sau biyu 8 ne. Akwai wata mai suna ESP sai wasu lambobi a gaba, akwai uku da ba su da suna kwata-kwata sai adireshin MAC kawai (lambar shaidar na'ura a wayfai), akwai wata Infinix kuma mu ba mai Infinix a gidan nan. Abin da ya fi ɗaga min hankali, a kwamfutar da nake aiki da ita idan na buɗe wajen Network na Windows sai in ga wata waya ta fito, bayan minti kaɗan ta ɓace, anjima wata daban ta fito. Ni ba datar ce ta dame ni ba sosai, hotunan iyali ne a cikin sabar nan. Shin za su iya gani?

Injiniya_Sola:

Wa alaikumus salam. Malam kafin ka zargi maƙwabta tambaya ɗaya, kana da inbata mai wayfai ko wani soket ko ƙwan fitila da ake kunnawa da waya? Domin ESP ɗin nan sunan ɗan guntun wayfai (chip) ne na kamfanin Espressif na Shanghai, su ke yin ESP8266 da ESP32, kuma su ake sakawa a cikin ƙananan kayan nan masu araha da yawa. Na sha zuwa gidan mutum ya ce an yi masa kutse ashe ɗan ƙaramin abin wayfai ɗin da ke maƙale a gindin inbatarsa ne, wanda mai haɗa sola ya karɓi lambar sirri ya jona ranar da ya yi aiki, mai gida ya manta. Cire shi ka sake duba jerin, in ta ɓace shikenan.

Kwamfuta_Doctor:

Yallabai kwantar da hankalinka tukuna, ina ganin yawancinsu naka ne.

Ukun nan marasa suna, kalli adireshin MAC ɗinsu, harafi na biyu daga farko. Idan 2 ne ko 6 ko A ko E to ba adireshin asali ba ne, wayar ce ta ƙirƙiro shi da kanta. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi suke ɓoye adireshinsu na gaskiya, kowane sunan wayfai su ba shi wani adireshi daban don kada a riƙa bin sawun mutum daga shago zuwa shago. Kenan idan rawutarka tana da suna biyu, na 2.4GHz da na 5GHz, waya ɗaya tak za ta iya fitowa a matsayin biyu. Ga kuma wani abu, wasu rawutocin jerin da suke nunawa na waɗanda aka ba IP ne, wato lambar da rawuta ke ba duk na'urar da ta jona, ba lallai suna kai a yanzu ba, baƙon da ya zo jiya ya tafi zai iya zama a wurin har wa'adin ya ƙare, galibi awa 24.

Waɗanda adireshinsu na asali ne kuma, haruffa shidan farko su ke nuna kamfanin da ya ƙera, manhajar Fing tana fassara maka su. Amma kar ka tsorata in ka ga wani suna kamar Hon Hai ko AzureWave ko Liteon, masu ƙera katin wayfai ne na cikin tibi da laftof, sunan da ke jikin kwalin daban na ciki daban.

Ita kuma wayar da take leƙowa a Windows tana ɓacewa, danna mata dama ka duba bayananta, na kusa rantsewa za ka ga MAC amma babu IP. In babu IP ba ta cikin gidanka, wucewa kawai take yi, wayar wani ce a layinku tana neman wayfai. Wani sabis ne a Windows mai suna Windows Connect Now yake kwaso su, yana aiki da WPS, wato hanyar jona wayfai da danna maɓalli ko PIN ba sai an rubuta lambar sirri ba. Kashe WPS ɗin a rawuta, daman bai da amfani, tun Disamba 2011 aka gano cewa PIN ɗinsa mai lambobi 8 ana iya fasa shi da gwaji kusan 11,000 kacal saboda rawutar tana tantance rabi-rabi ne.

Infinix ɗin ce dai ban da uzurin da zan ba ta.

Maman_Twins:

Hhhh Baban Ummi Infinix ɗin nan ka tambayi yaranka kawai. Ni ma haka aka yi min, na canza lambar sirri na sa wata doguwa da ni kaina sai na duba takarda, kwana biyu sai ga samarin layinmu sun dawo zaman dakalin ƙofar gidanmu bayan isha'i kowa ya duƙufa a waya. Ashe ba sa buƙatar sanin lambar, a Android in ka shiga wayfai ɗin akwai wajen rabawa, sai ta fito da QR ɗayan ya ɗauka da kyamara ya shige. Autana ne yake ba su, wai abokan yayansa ne kunya yake ji ya hana. Yanzu wayoyin yara a wayfai na baƙi na sa su, can su ƙarata.

Kwamfuta_Doctor:

Hajiya ta kawo magana mai kyau, wayfai na baƙi a yawancin rawutoci ba ya ganin sauran kayan gida, sai dai fa yaran ba za su samu katun ɗinsu daga sabar ba in ka mayar da su can, sai ka zaɓa.

Na manta ban amsa ainihin tambayarka ba, ko za su iya ganin hotunan. Ya danganta. Wanda ya shiga wayfai ɗinka in ya rubuta IP na laftof ɗin da 8096, lambar ƙofar Jellyfin, zai ga shafin Jellyfin, in kowane asusu yana da lambar sirri a nan zai tsaya. Amma mutane da yawa suna barin asusun yara babu lamba don sauƙi, kuma in ka kunna DLNA, tsarin da ke nuna wa na'urorin gida bidiyo kai tsaye, saboda tibi to wannan ba ya tambayar kowa komai, duk wanda ke cikin wayfai ɗin ya buɗe VLC zai ga fayilolin a jere. Wannan ce ƙofar da nake so ka fara dubawa. Sannan shiga dashbod, wato shafin gudanarwa na Jellyfin, wajen na'urori, yana rubuta duk wadda ta taɓa shiga da asusun da ta yi amfani da shi da lokacin.

Kuma ka riƙa yin afdet. Kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin manhajar ajiye lambobin sirri, a 2022 ta kwamfutar gidan wani injiniyansu aka bi, Plex ɗinsa, manhaja irin Jellyfin, shi ne tsoho, ramin da aka shiga ta ciki an toshe shi tun Mayu 2020 shi ne bai sabunta ba.

Baban_Ummi:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kashewa ina dubawa, uwargida tana ta min dariya wai na zama ɗan sanda. ESP inbata ce kamar yadda Injiniya ya faɗa. Biyu daga marasa sunan duk iPhone ɗin madam ce, ta ukun agogon hannuna ne, kunya ta ishe ni wlh.

Infinix kuwa ta ɗan maƙwabcinmu ce, Ummi ce ta ba shi QR tun hutun da ya wuce, ta ce cewa ya yi zai duba sakamakon jarrabawa. Ban yi wa babansa magana ba, muna sahu ɗaya a masallaci, na dai canza lamba na yi shiru. DLNA a kunne take kuma babban fayil ɗin bikin yana ciki, na kashe ta, a dashbod dai ban ga baƙuwar na'ura ba.

Saura abu ɗaya, tunda na canza lambar sirrin inbatar ta daina turo bayani a waya, kuma mai solar ba ya ɗaga kira. Injiniya ya ake sake jona ta?