Allon zaren rama da rezin yana yagewa wajen huda, ina matsalar take?

Kafintan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Allo ne na zaren rama da rezin (ruwan roba da ake zuba wa zaren ya daskare), kauri milimita 6, shimfiɗa huɗu. In an huda shi da bakin injin huda mai faɗin milimita 8, saman yana fita lafiya, amma ƙasan sai ya ɓare, zare ya yi buzu-buzu a bakin ramin. Wani lokaci har ƙauri yake yi. Masana a taimaka.

Mai Injin Huda:
Wa alaikumus salam, Malam. Dannawa ce ta yi yawa. Idan bakin ya kusa fita, shimfiɗar ƙarshe ba ta da abin da zai tokare ta, sai ya ture ta maimakon ya yanka. Ka sa guntun katako a ƙasa, ka matse su tam, ka huda su tare. Injin ya yi gudu, hannunka ya sassauta, musamman a milimita ɗaya na ƙarshe. Ka fara da ƙaramin baki mai milimita 3. Bakin huda katako mai tsini a tsakiya ya fi na ƙarfe, domin yana fara yanke gefen ramin. Zaren rama lanƙwashewa yake yi a gaban baki mai dakushi, shi ne buzu-buzun nan.

Injiniyan Tumfure:
Gaskiya ne, sai dai a lura da gudun nan. Zaren tsiro yana fara lalacewa a wajen digiri 200, rezin kuma ba ya fitar da zafi, to ga ƙaurinka. A riƙa ɗaga bakin ana hure garin. Kada a sanyaya da ruwa, zaren zai sha ya kumbura.

Amma ina zargin tun wajen haɗi aka samu matsala. Zaren da ba a wanke ba yana da maiƙo da dattin da ke hana rezin kama shi. A jiƙa shi awa uku zuwa huɗu a ruwan soda irin ta masu sabulu, giram 50 a lita ɗaya, da safar hannu. A ɗauraye har santsi ya tafi, a busar ƙarau. Da damina shanyar rana kaɗai ba ta isa, laimar Agusta komawa take yi cikinsa.

Kafintan Jekadafari:
Injiniya, ba a wanke ba kam. Washegarin zubawa ma aka huda.

Injiniyan Tumfure:
To ai bai gama daskarewa ba. Ba shi kwana uku ko fiye. Ramin kuma ya nisanci gefe da ninki uku na faɗinsa, milimita 24 ke nan. Ka shafe cikinsa da rezin kafin ka ɗaura noti.